Ƙofar da Ta Cije da Rani

Kwanan baya wani ɗalibi da aka turo mini koyon aiki, Nura, ya buɗe kwamfutarsa a ofishina, ya danna nan ya danna can, kafin shayina ya huce ya juyo mini da ita ya ce, "Oga, na gama lissafin benen." Na duba. Wallahi lissafin ba shi da makusa, ko ni ba zan yi abin da ya fi haka ba. Sai na tambaye shi me mai ginin yake sayarwa. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan kakar mutumin. Saboda shi da ire-irensa na zauna rubuta wannan, ku da kuke ganin aikin injiniyan gini bai wuce danne-danne ba. Ba na faɗa da kwamfuta, ina ma a ce mun same ta a zamaninmu. Amma akwai abin da ba a zuba mata a ciki ba, kuma a garin nan na Kontagora na ga ranar da abin ya kusa danne mutane.

Aikina na farko bayan na baro makaranta ramin fandisho ne, na wani shago a bayan tasha. Maigidana a lokacin Oga Ndagi ne, Banufe, gajere, mai saurin fushi da saurin hucewa. Na zo masa da farar riga da biro a aljihu, ya dube ni sama da ƙasa ya ce in sauka ramin. Na sauka. Ya ce in ɗebi ƙasar in jiƙa ta in murza a tafin hannu, in gaya masa laka ce ko jar ƙasa mai tsakuwa. Da na fito ya ɗora mini kwanon kankare a ka, ya nuna mini tsani. "Hau da shi," in ji shi. "Kai ne za ka riƙa rubuta nauyi a takarda, gara wuyanka ya san shi." Na hau na sauka har la'asar, leburori suna ta yi mini dariya. Farar rigar nan ba ta ƙara moruwa ba.

Abin da ya fi ɗaure mana kai game da shi, ba ya fara zane sai ya je wurin sana'ar mai gini ya zauna. Ya sha ruwa, ya miƙe ƙafa, ya yi ta tambaya: me kake sayarwa, ina kake ajiye kaya, 'yan uwanka na ƙauye a gidanka suke sauka? Mu yara muna cewa tsohon nan ya cika gulma. Sai daga baya na gane. Littafi ya ba mu nauyin da za mu sa wa ɗakin kwana, da na ofis, da na sito, kuma littafin bai yi ƙarya ba. Abin da bai sani ba shi ne, a wurinmu ɗakin kwana yakan wayi gari ya zama sito ba tare da an tambayi kowa ba.

Kayan aikina har yau ba su cika jaka ɗaya ba. Tef na awo, da ƙaramar gudumar da nake ƙwanƙwasa kankare in ji ko akwai rami a cikinsa, da filam, wato dalmar nan mai igiya da ke gaya maka ko ginshiƙi ya miƙe, da sifana, da doguwar tiyo mai ruwa don daidaita tsawo. Na'urar nan mai jan haske da kuke kafawa a kan ƙafa uku, ni ma ina da ita, ina kuma jin daɗinta, sai dai ranar da batirinta ya mutu ku zo in ara muku tiyo. Mafi arha a cikinsu duka ita ce igiyar birkila, farar nan siririya da ake saya a kowane shagon kayan gini. Ku riƙe ta a ranku, za mu dawo kanta.

Masu gini kuwa, Allah ya ba mu haƙuri da su, su ma ya ba su haƙuri da mu. Akwai wanda zai rantse maka hawa ɗaya zai yi, ka yi masa fandishon hawa ɗaya, shekara ta zagayo ciniki ya yi kyau, ka wuce ka hangi birkiloli a sama suna ɗora na biyu. Akwai wani mai sayar da lemo da ya kira mai guduma ya fasa ginshiƙin tsakiyar shagonsa don sabon firijinsa ya shiga. Da na yi masa magana ya ce, "Haba Injiniya, ai akwai saura uku." Ban san lokacin da na cire hula na zauna a kan kiret ɗin lemo ba.

Ginin da nake son ba ku labarinsa na Alhaji Mamman ne, babban ɗan kasuwar hatsi, wanda motocinsa ke kwaso masara da dawa da wake daga Mashegu da Beri da ƙauyukan da ke bayansu. Ya sami fili a bakin titi, yana son shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama, sito a baya. Damina ta kusa, shi kuma yana son ganin gini tsaye kafin kaka. In aka bi yadda aka saba, a kafa gora da katako, a ɗaure rodi a sama, a zuba, a jira, ruwa zai yi ta korar mu daga aiki. Sai na kawo masa shawarar da na daɗe ina mafarkinta: ginshiƙai da bim, wato sandunan da ake gicciyawa a kansu, duk na ƙarfe, a haɗa su da bol da noti, daɓen benen kuma a zuba shi a ƙasa falle-falle, in ya kama a ɗaga a shimfiɗa a kan ƙarfen.

"Wato ɗinka mini gida za ka yi kamar riga?" in ji Alhaji.

"Ƙwarai, ranka ya daɗe. A yanka a ƙasa, a haɗa a sama."

Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce a yi. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba don murna, domin ban taɓa samun wanda ya yarda in yi masa irinsa ba.

Wuri ɗaya muka saɓa. Na je shagonsa na kasuwa na yi irin zaman Oga Ndagi, na ga buhuna sun matse har wurin da yake shimfiɗa dardumar salla. Na dawo na zana benen da ƙarfen da zai iya ɗaukar hatsi. Da ya ga girman ƙarfen da abin da zai ci, sai ya ture takardar.

"Injiniya, ɗakunan kwana na ce maka. Malaman makaranta da ma'aikata zan ba haya. Ga sito can a ƙasa, me zai kai hatsi sama?"

"Alhaji, kai mai hatsi ne. Duk inda ka sa ƙafa sai ya biyo ka."

Na yi masa bayani yadda zan yi muku yanzu. Buhun masara ɗaya ya fi ƙato nauyi. Ɗakin kwana kuwa gado ne da katifa da mutum biyu ko uku. In aka jera buhuna har rufi, to inda mutum ɗaya zai tsaya ka ɗora ƙarti goma a kan juna, ka kuma cika ɗakin da su bango zuwa bango. Alhaji ya kafe. Ya ɗaga hannu ya rantse cewa muddin yana raye ƙwayar hatsi ba za ta hau benen nan ba sai wadda za a dafa. Muka yi ta ja har muka tsaya a tsakiya. Bai yarda da ƙarfen sito ba, amma ya bar ni na ƙara girman bim mataki ɗaya sama da abin da littafi ya ce, na kuma ƙara bol a kowace mahaɗa. Ya amince yana ƙunƙuni, wai injiniyoyi da masu sayar da ƙarfe bakinsu ɗaya.

Filin bayan ginin muka mayar wurin zubi. Muka daɓe shi sumul, muka jera akwatunan ƙarfe, muka shafe cikinsu da baƙin mai don kada kankare ya manne. A kwantar da rodi, a ɗaga shi kaɗan da 'yan duwatsun siminti, a bar wa kowane falle kunnuwan ƙarfe inda ƙugiya za ta kama. Yashin da ke da ƙasa a ciki na mayar da shi, direban ya yi ta zagina a hanya. Idan aka zuba, sai a sa injin girgiza har kumfar iska ta daina tasowa. Kuna cewa kankare bushewa yake yi. Ba bushewa yake yi ba, kamawa yake yi, kuma ruwa yake so. Muka lulluɓe fallayen da jiƙaƙƙun buhunan algarara, waɗanda Alhaji ke da su jibgi, ruwan saman da muke tsoro ya koma yi mana ban ruwa kyauta. A bayan kowane falle na sa an rubuta SAMA da jan fenti, domin ƙarfinsa yana ƙasa inda rodi yake, in aka kife shi sai ya karye kamar ƙuli-ƙuli.

Ranar da kiren ya iso daga Minna, kai, ranar ta yi daɗi! Motar ɗaga kaya ce mai dogon wuya, 'yan acaba suka rako ta tun daga shigowar gari suna hon. Kafin a gama kafa mata ƙafafu masu rake da masu ruwan leda sun buɗe kasuwa. Ƙarfen yana tsaye, mun riga mun ɗaure shi, na bi kowane ginshiƙi da filam. Na hau sama na ɗaura bel, aka saƙala ƙugiya, na ɗaga hannu. Falle na farko ya tashi daga ƙasa yana juyawa a hankali. Ina yi wa direban alama da yatsu, kaɗan hagu, kaɗan ƙasa, tsaya. Ya sauka ya zauna a mazauninsa daram, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba. Taro ya ɗauki sowa. Ni ma na yi ihu daga can sama, ba na jin kunyar faɗa. Kafin magariba rabin benen ya rufu, tsofaffin birkiloli suna ƙasa sun riƙe baki.

Amma kallo daban, zama a ƙarƙashi daban. Aka yi ta yaɗawa a gari cewa benen Alhaji Mamman noti ne kawai ke riƙe da shi. Wadda ta fara zuwa neman shago ita ce Madam Laraba, tela, mace mai baki da zuciya.

"Injiniya," in ji ta, "in za ka kawo yadinka ka zauna a ciki har in gama auna ka, na karɓa."

Na kai yadi na zauna, ta karɓi shagon tsakiya. Ta kira Yohanna kafinta ya raba mata shi da katako don a sami ɗakin gwada kaya, ya kafa ƙofar daidai ƙarƙashin tsakiyar bim, ya ɗaure saman firam ɗin a jikin ƙarfen. Bayanta mai kemis ya zo, mai gyaran waya ya zo, ɗakunan sama ma suka cika. Shekaru suka wuce ba wanda ya sake tuna noti.

Sai shekarar nan da ba mai son tunawa da ita, lokacin da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin daji. Manoma su yi girbi da rana su baro gona tun kafin rana ta yi sanyi, ba wanda ya yarda ya bar amfaninsa a rumbun ƙauye. Babura suka riƙa shigowa gari da buhuna gaba da baya, kowane gida ya cika da 'yan uwa. Mu kuwa aiki ya tsaya mana cak, wa ke ta gini? Na sallami ma'aikatana, ƙarafan tokara da nake tallafe bene da su suna jibge a filin ajiyata suna tsatsa. Na koma mai zaman teburin shayi da safe, ina sauraron labarin da ba ya ƙarewa.

A teburin nan ne, bayan kaka, Yohanna ya zo ya zauna kusa da ni yana mita.

"Injiniya, ka taɓa ganin ƙofa mai taurin kai irin ta Madam Laraba? Ta cije, na je na rage samanta, ta rufu lafiya. Ba a jima ba ta sake cijewa, na sake ragewa. Yau kuma Madam ta aiko wai ba ta buɗuwa."

"Katako ne," na ce masa, "kumbura yake yi."

"Da damina ba. Yanzu fa? An ɗauke ruwa tuntuni, ƙofofin mutane duk sun saki har suna rawa. Ita kaɗai ke cijewa, kuma kullum daga sama."

Na ajiye kofin. Ƙofa ba ta girma da rani. In ta cije daga sama, to abin da ke samanta ne ke saukowa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba a wurin aiki. Na ce masa ya tada babur.

Shagon a cike muka same shi. Kirsimeti ya kusa, kekuna suna ta ruri, 'yan matan da ke koyon ɗinki sun duƙufa, mata masu jiran kaya suna zaune a benci, wata da goyo. Na zaro igiyar birkila daga jaka. Muka hau kujeru, ni a wannan baki, Yohanna a wancan, muka ja ta tsam a ƙarƙashin bim ɗin, yatsa uku tsakaninta da ƙarfe a wurina, yatsa uku a wurinsa. Igiya ba ta san lanƙwasa ba in an ja ta. Na matsa tsakiya na gwada. Ko yatsa ɗaya bai shiga ba.

"Madam, kowa ya fita. Yanzu."

"Injiniya, kayan biki ne a hannuna fa."

"Ki bar su. Ki fitar mini da yaran nan."

Ta dubi fuskata sau ɗaya, ta tafa hannu, shago ya watse. Yohanna ya bi sauran shagunan yana kora, ni kuma na hau sama da gudu. Ashe masu hayan ɗakunan tsakiya sun tashi. Na tura ƙofa na ga abin da na hango tun farko aka ture maganata: buhuna har rufi, bango zuwa bango, sai 'yar siririyar hanya, kowane buhu da alamar gidansu da gawayi ko fenti. A baranda wani dattijo yana zaune a kan buzu da sanda a gefensa yana gadi. Kawu Gado ne, ƙanin mahaifiyar Alhaji, daga Kaboji.

Aka kira Alhaji ya iso, bai iya haɗa ido da ni ba.

"Na san abin da na faɗa, Injiniya. Dangin mahaifiyata ne. Sito ya cika tun kafin su zo. In ce musu su mayar da shi daji?"

Raina a ɓace yake, na so in yi masa tatas, amma da ni ne ma ban san amsar da zan ba su ba. Na ce, "Alhaji, maganar rantsuwa sai an jima. Yanzu a sauke hatsin nan."

Sai Kawu Gado ya miƙe ya gicciya sandarsa a bakin ƙofa.

"Yaro, ba mai taɓa shi. Abincin gidajenmu ne, da irin da za mu shuka baɗi. Da ƙyar muka fito da shi. A zube shi a titi kowa yana gani, a cakuɗa na wannan da na wancan? Gini ne na ƙarfe, ina zai je?"

Ban yi gardama da shi ba. Na kama hannunsa muka sauka, na ɗora shi a kan kujera, na sa yatsunsa a bakin igiya, sannan na kai shi tsakiya ya gwada da kansa.

"Baba, ka taɓa ganin itacen da ke ƙarƙashin rumbu ya fara lanƙwasa?"

"Na gani."

"Me ke biyo baya?"

Ya dubi kekunan ɗinkin da aka bari da yadi a bakinsu, da 'yan takalman yaran da suka fita ba su tsaya ɗauka ba. Ya sauko daga kujerar a hankali ya ce, "A fara da nawa."

Saura inda za a kai shi. Madam Laraba tana bakin titi ta riƙe ƙugu, ta ji komai.

"Injiniya, ƙasa fa? Ita ma tana lanƙwasawa?"

"Ƙasa ba ta lanƙwasawa, Madam."

"To in sama ta huta a shigo da shi shagona, mu yi ɗinki a baranda. Baba, ni zan riƙe maka makulli."

Mai kemis ya ce a cika masa bayan kanta, mai gyaran waya ya ce shi tebur ɗaya ya ishe shi. Nan na ji ƙarfi ya dawo mini.

Ga inda aikin yake, ku saurara, domin sauke nauyi ma da ƙa'idarsa. Na aika aka kwaso ƙarafan tokarata masu tsatsa, muka kafa su a kan katako mai kauri a ƙarƙashin bim. Ba a murza su don a ɗaga benen, a murza kawai har su taɓa, in ka tura sama da ƙarfi kai ne za ka fasa fallayen. Sama kuma mutum uku ko huɗu kawai na bari su shiga, su fara daga tsakiyar ɗaki, layin sama tukuna. Na hana a jefar da buhu ko ɗaya, domin buhun da aka jefar ya ninka na ajiye nauyi. 'Yan dako suka zo daga kasuwa, samarin Kaboji suka zo, 'yan acaba suka jingine babura, aka yi layi a matakala, buhu yana tafiya daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Kawu Gado yana gindin matakala yana kiran alama, wannan na gidan wane, wannan na gidan wance, ba wanda ya cakuɗe. Alhaji da kansa ya tuɓe babbar riga ya shiga layi.

Ni ina wurin igiya, ban matsa ba. Abin da nake jira ɗaya ne. Ƙarfe in bai wuce iyakarsa ba, yana komawa yadda yake in an sauke masa kaya. In ya wuce, ya lanƙwashe ke nan har abada, sai a rushe. Can na ga haske ya fara shiga tsakanin igiya da bim. Na sa yatsa ɗaya, ya shiga. Aka ci gaba da sauka. Biyu suka shiga. Ana cikin haka sai tokarar tsakiya ta yi rawa, ta karkace, ta faɗi ƙasa da ƙara. Mata suka fasa ihu, layi ya tarwatse, ana ta salati, wasu suna kiran Yesu. Ni kuwa dariya ce ta kuɓuce mini. Benen ba faɗuwa yake yi ba, tashi ya yi ya bar tokarar ba abin da take riƙewa.

"Ya komo!" na yi ta faɗa ina tsalle kamar yaro. "Ku dawo, ƙarfe ya komo!"

Na sa yatsa uku, suka shiga. A duk shekarun da na yi a sana'ar nan ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, har ranar kiren ba ta kai shi ba.

Kafin la'asar ɗakunan sun zama fayau. Na bi kowane bol da sifana, na bi kowane falle da guduma, ban sami abin tsoro ba. Alhaji ya zo ya tsaya kusa da ni, gumi ya jiƙa masa 'yar ciki.

"Matakin nan ɗaya da na yi ta ƙunƙuni a kansa..."

"Shi ya riƙe mu, Alhaji."

"To ɗauko takardar nan da na ture. A yi masa ƙarfen hatsi."

Da yake ginin ɗinkakke ne, bai ba mu wahala ba. Muka shigo da ƙarin bim muka ɗaure su tsakanin na da, ba tare da an fasa ko bulo ɗaya ba. Shi ne kaɗai aikin da na samu a wannan shekarar, kuma shi ya sa na dawo da ma'aikatana. Hatsin mutanen Kaboji ya yi rani a shagunan ƙasa, da damina ta faɗi suka zo suka kwashi irinsu.

Ƙofar kuwa, da Yohanna ya ja ta a wannan yammacin sai ta rufu salin-alin, amma ga rata a samanta, faɗin abin da ya rage mata sau biyu, haske yana shigowa. Madam ta so a canza ta, na roƙe ta da girman Allah ta bar mini ita. Ta bari, sai dai takan cusa ƙyalle a wurin.

Can na kai Nura makon da ya wuce. Madam ta gan mu ta ce, "Injiniya, ka kawo wani ya kalli ƙofata? Wata rana sai na fara karɓar kuɗin shiga." Ta zare ƙyallen. Na sa shi ya hau kujera ya zura yatsunsa a ratar, na ba shi labarin yana tsaye a haka, ga kekuna suna ruri a ƙarƙashinsa. Da muka fito bakin titi sai ya juyo ya dube ni.

"Oga, mai benen nan da na yi wa lissafi, me yake sayarwa?"

"Doya," na ce masa. "Tirela-tirela."

Ya tsaya cak. Sannan ya tambaye ni a wane layi shagon mutumin yake a kasuwa, ya tare ɗan acaba ya hau, ya bar ni tsaye da jakar kwamfutarsa a hannu.